Ranar da Na Tuƙa Mota da Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Unguwar Sanusi ba, ko da yake in aka ce in rantse, ba zan ce komai na riƙe daidai ba. Abin ya kai shekara uku ko huɗu, kuma mutumin da kunya ta lulluɓe ba shaidar kirki ba ne. Akwai wurin da wataƙila na ƙara gishiri, akwai kuma inda na rage don in samu sauƙi. Abin da na tabbata kawai shi ne akwai mota, akwai tulin yashi, kuma ni ne a kujerar direba.

A lokacin na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, Allah ya sa na samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Mun yi watanni a aji muna karatun iska da gajimare da yadda fiffike ke ɗaga jirgi, kafin a fara saka mu a wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu. Mutanen layinmu a Tudun Wada kuwa tun ranar da takardar shiga ta zo suka naɗa ni Kyaftin. Na yi bayani har na gaji cewa ɗalibi ne ni, ko sau ɗaya ban taɓa tashi ni kaɗai ba. Mai shayi ya ce tawali'u ne irin na manya.

Dole in yi ɗan bayani a nan, domin in ba a san shi ba, za a ɗauka tun asali haukata ce. (Wasu har yau haka suka ɗauka.)

Ƙaramin jirgi idan yana tafiya a ƙasa, ba da hannu ake juya shi ba. Da ƙafa ne. Akwai matakai biyu a ƙarƙashinka: ka taka na hagu, hancin jirgi ya yi hagu, ka taka na dama, ya yi dama. Birki kuma a saman matakan yake, da yatsun ƙafa ake danna shi. Sitiyarin da ke gabanka aikinsa sai an tashi sama. A ƙasa ko ka murɗa shi har ya ƙure, fiffike kawai zai motsa, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa inda ya nufa. Totur kuma wani ɗan maɓalli ne da ake turawa da hannun dama, in ana son rage gudu a jawo shi baya.

Ranar farko da malaminmu, Kyaftin Bitrus, ya ce in yi kwana, sai na murɗa sitiyari kamar kowane ɗan Adam. Jirgi ya miƙe ya nufi ciyawa. Kyaftin Bitrus, mutum ne mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ɗaga ta ba, ya taka ya gyara mu, sannan ya ce, "Ka taɓa tuƙa mota ko?"

Na ce, "Kaɗan, ranka ya daɗe. Lokacin bautar ƙasa."

Ya ce, "To ka manta da ita. Ka yi mata jana'iza a ranka."

Matsalata a duniya ita ce in aka ba ni umarni, bi nake har ƙarshensa. Na koma ɗaki na ajiye silifa biyu a gaban kujera, na riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari. Kullum sai na yi sa'a guda ina taka silifar hagu ina cewa "hagu", ina taka ta dama ina cewa "dama". Cikin mako shida na zama wanda ya fi kowa iya bin layin nan mai ruwan ɗorawa na tsakiyar hanyar jirgi. Mota kuwa, Allah ya jiƙanta.

Abu na biyu da aka cusa mana shi ne miƙa tuƙi. Jirgin koyo komai nasa biyu ne, naka da na malami. In abu ya fi ƙarfinka, ba a son taurin kai. Ka ce, "Tuƙi na hannunka." Malam ya ce, "Na karɓa." Ka sake cewa, "Na hannunka ne," ka ɗauke hannu da ƙafa gaba ɗaya. Da Turanci muke faɗa, amma ma'anar ke nan. Kyaftin Bitrus ya ce ɗalibin da ya san lokacin sakin tuƙi ya fi wanda ya iya tuƙin tsawon rai. Wannan ma na haddace shi, kamar yadda za ku gani.

Yanzu sai batun Rukayya. Malamar makaranta ce, gidansu na bayan namu, kuma mun fahimci juna shekara biyu. Saura abu ɗaya: samun izinin mahaifinta, Baba Mamman, in turo magabatana. Shi kuwa Baba Mamman shekara talatin ya yi yana tuƙa manyan motocin wata masana'anta a Kudenda, kuma a faɗarsa ko kaza bai taɓa takawa ba. Yana da wani ma'auni da duk unguwa ta sani: ba ya yanke hukunci a kan mutum sai ya zauna a gefensa yana tuƙi. Ya ce a masallaci kowa salihi ne, a kan titi ake sanin hali. Mijin yayar Rukayya ma sai da ya kai shi Kafanchan ya dawo da shi kafin a sa rana.

Da na zo hutu, Rukayya ta kira ni ranar Alhamis. Ta ce, "Baba zai je ɗaurin aure Unguwar Sanusi jibi. Ya ce kai za ka ja shi."

Na ce, "A wace mota?"

Ta ce, "Dattijuwa."

Dattijuwa ita ce tsohuwar farar motar Baba Mamman, mai giyar hannu, wadda yake wankewa da kansa duk safiya. Ko 'ya'yan cikinsa ba sa taɓa makullinta. Na ce wa Rukayya rabona da mota ya fi shekara, ko za a ɗaga zuwa wani hutun. Ta ce, "Mutumin da ke tuƙa jirgi? Ka je ka faɗa wa Baba da bakinka, in ji abin da zai ce." Ta ƙara da cewa minti goma ce tafiyar, kada in ba ta kunya.

Ranar Asabar ƙarfe goma na isa, da shaddata ruwan toka wadda aka yi wa guga har tana iya tsayawa ita kaɗai. Baba Mamman na zaune a benci da amininsa Baba Yohanna, wanda shi ne babban makanike a masana'antarsu kafin su yi ritaya tare. Shekara arba'in suna zolayar juna, ba wanda ya gaji. Na durƙusa na gaishe su. Baba Mamman ya miƙo mini makulli.

Ni kuma, tunda ban san wata hanyar kwantar da hankali ba, sai na yi abin da aka koya mini. Matuƙi ba ya shiga jirgi sai ya zagaye shi, ya duba shi da ido da hannu. Na fara daga tayar gaba ta hagu. Na tsuguna na matsa ta. Na leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga. Na buɗe gaba na zaro sandar baƙin mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Na duba ruwan lagireto. Na girgiza madubi.

Baba Yohanna ya ce, "Mamman, sayar masa da motar za ka yi ne?"

Baba Mamman ya ce, "Bar shi. Ina kallo."

Da muka shiga, Baba Mamman a gefena, Baba Yohanna a baya, na zaro wata 'yar takarda daga aljihu. Jerin abubuwan dubawa ne da na rubuta tun jiya, guda goma sha bakwai (a makaranta ba a yarda da ƙwaƙwalwa, karantawa ake yi a bayyane). Na fara: ƙofofi, a rufe. Bel, a ɗaure. Giya, ba a ciki. Birkin hannu...

Na ja birkin hannu, sai ya taho sama salalab, kamar ba a haɗa shi da komai ba. Na mayar na sake ja. Haka dai. Sai a lokacin na gane amfanin dutsen da na gani a bayan taya.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, wataƙila ni ne ban iya ba, amma kamar birkin hannun ba ya kamawa."

Baba Mamman ya gyara hula. Ya ce, "Ya kwana biyu haka. Direban ƙwarai ba ya buƙatarsa."

Na ce, "Haka ne, Baba. Sai dai an koya mana in abu ɗaya a takarda bai cika ba, ba a tashi."

Ban san inda na samu wannan ƙarfin halin ba. Ina jin tsoron Kyaftin Bitrus ne ya fi na Baba Mamman yawa a jikina. Can sai Baba Yohanna ya fara dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Wata uku ina gaya maka, ka ce in yi harkar gabana. Miƙo sifana." Ya leƙo ta tsakanin kujeru, ya ɗaga robar gindin birkin, ya ɗaure wani noti. Ko minti biyar bai yi ba. Na ja, ya kama. Na sa alama a takardata.

Daga nan na sauke gilashi, na leƙa waje na ce da ƙarfi, "A matsa!" Haka muke yi kafin kunna inji, saboda kada farfela ta sari mutum. Babu kowa a layin sai wata tunkiya. Ita ma ba ta matsa ba.

Tafiyar farko ba laifi, in aka yi mini adalci. Ina ta nanata wa kaina a zuci, "Mota ce, mota ce." A kowace mahaɗa nakan duba in ce, "Hagu lafiya, dama lafiya." Baba Yohanna ya riƙa amsawa, "Baya ma lafiya, sai yunwa." Da muka hau babban titi ne na ji 'yan keke na ta danna mini ƙaho, wani ya wuce yana watsa mini yatsu biyar.

Baba Mamman ya ce, "Kyaftin, titin nan gadonka ne?"

Na duba, ashe na ɗora tsakiyar motar daidai kan farin layin da ya raba hanya, kamar yadda ake ɗora hancin jirgi. Kuma, ba yabon kai ba, ko taƙi ɗaya ban kauce ba. Na ba da haƙuri na koma hannuna. Gumi ya fara keto shaddar.

Muka shiga Unguwar Sanusi sha ɗaya saura kaɗan. Layin gidan bikin ɗan gangare ne, a ƙarshensa sai a yi kwana hagu, inda aka kafa rumfuna. In ka miƙe kuwa, wani mai gini ya zubar da yashi tifa guda a ƙofar filinsa. Jama'a cike, manyan riguna ko'ina, ga tsofaffin direbobin Kudenda sun taru a rumfar farko, duk yaran Baba Mamman ne a da. Suka hango Dattijuwa, suka ga ba shi ke tuƙi ba. Wasu har suka miƙe tsaye don su ga wane ne wannan da aka ba makulli. Na ji wani ya ce, "Ai direban jirgin sama ne."

Ina ganin wannan maganar ce ta kashe ni. Duk "mota ce, mota ce" da nake yi ta bi iska.

Baba Mamman ya ce, "Hagu a nan."

Na taka ƙafar hagu.

Duk wanda ya san mota ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafar hagu. Kuloci ne. Motar ta rabu da inji, ta ci gaba da gangarawa a miƙe, a hankali, cikin natsuwa. Hannuna na hagu na kan sitiyari, na riƙe shi daidai, ban bar shi ya motsa ba. Da na ga hancin bai juya ba, na yi abin da ake yi a jirgi: na ƙara dannawa da yatsun ƙafa don birkin hagu ya taimaka. Kuloci ya riga ya kai ƙasa, ba inda za shi.

Baba Mamman ya sake cewa, "Hagu, yaro."

Na ce, "Ina takawa, Baba."

Hannuna na dama ya tafi neman totur don in rage gudu. Ya samu wani maɓalli a gaban mota, ya jawo. Na rediyo ne. Ya fito gaba ɗaya a hannuna, rediyon kuma ya kama, wani mutum yana bayanin farashin tumatir.

Tulin yashi ya matso. Kwanar ta wuce ta gefena ina kallonta. Sai na tuna darasin da ya fi kowane muhimmanci: in abu ya fi ƙarfinka, ba a son taurin kai. Na juya na kalli Baba Mamman na faɗi kalmomin miƙa tuƙi, da Turanci, a sarari yadda ake so. Na ga bai gane ba. Saboda ladabi sai na fassara masa.

"Baba, tuƙi na hannunka."

Na ɗauke hannuwana biyu daga sitiyari, na ɗaga su sama don ya ga na saki da gaske. Na janye ƙafafuwana.

Ya ce, "Na hannuna? Da me?"

Gaskiyarsa. Gabansa ba komai sai akwatin ajiye takardu da kwalbar turare.

Janye ƙafar da na yi ya sa kuloci ya dawo da ƙarfi, Dattijuwa ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikare ta. Baba Mamman ya kai hannu ya finciki birkin hannu. Tayoyin baya suka ja ƙasa, na gaba suka hau yashi, inji ya mutu. Muka tsaya, hancin mota na kallon sama, ba abin da nake gani ta gilashi sai gajimare (irin tarin nan masu kama da auduga, alamar yanayi mai kyau, ko a wannan halin sai da ƙwaƙwalwata ta gaya mini sunansu).

Ba wanda ya ji ciwo. Mai tumatir kaɗai ke ta bayani.

Can daga baya Baba Yohanna ya ce, "Mun tashi ke nan, ko da saura?"

Dariyar da ta ɓarke a rumfunan nan, na tabbata an ji ta a Kakuri. Wani dattijo sai da aka riƙe shi. Liman da ya fito zai fara huɗuba ya koma ciki ya daidaita fuskarsa. Mutum takwas suka turo Dattijuwa ƙasa da manyan rigunansu, suna cewa a buɗe musu ƙofa su ma za su Makka. Ni kuwa na fito hannuna riƙe da maɓallin rediyo, ban san inda zan ajiye shi ba, sai na sa a aljihu.

Baba Mamman ya zagaya motarsa. Lambar gaba ta lanƙwashe, sai yashi a fitila. Ya tsaya a gabana, duk tsofaffin yaransa na bayansa. Na san Rukayya ta kuɓuce mini, don haka ba abin da ya rage in kare. A makaranta, bayan kowane kuskure, ɗalibi na tsayawa ya faɗi abin da ya faru, da dalili, da gyara, ba tare da kwana-kwana ba. Na cire hula na fara.

Na ce, "Baba, motarka lafiyarta ƙalau, hanya ma ba ta da laifi. Ni ne na taka kuloci ina nufin kwana, domin haka ake juya jirgi. Sannan na saki sitiyari alhali ba ka da naka. Babban kuskuren tun ranar Alhamis na yi shi: na san rabona da mota ya yi nisa, ya kamata in zo in faɗa maka, na ji kunya ban zo ba."

Ya miƙo hannu. Ya ce, "Ba ni maɓallin rediyona." Na ba shi. Ya shige rumfa. Baba Yohanna ne ya tuƙo mu gida, ni a baya, yana ta sanar da mu cewa muna dab da sauka Tudun Wada, kowa ya ɗaure bel.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin dangi. Rukayya ta kira, na ɗauka zan ji kuka. Minti biyu ba ta iya haɗa kalma ba don dariya. Abin da na iya tsinta kawai shi ne, "Hannuwan... me ya sa ka ɗaga hannuwan?"

Kwana uku ban bi ta layinsu ba. Ran Talata bayan la'asar Baba Mamman ya aiko kirana. Na same shi a bencin nan, Baba Yohanna na gefe yana ɓare gyaɗa.

Baba Mamman ya ce, "Tuƙi dai ba ka iya ba. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na ga da yawa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Shekara talatin direbobi na kawo mini mota a lotse. Wannan ya ce birki ne, wancan ya ce akuya ce, wani ya ce aljanu suka ja sitiyari. Ban taɓa samun wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ni ne ba. Kuma kai kaɗai ka taɓa hana ni tashi a motata saboda noti ɗaya."

Baba Yohanna ya ce, "Notin da ya cece ka."

Baba Mamman ya ce, "Hannuna ya cece ni."

"Yashi dai."

Suka ɗan taɓa musu a kan wannan (har yau ba su gama ba, ni kuma ba na shiga). Sannan Baba Mamman ya juyo ya ce, "Tuƙi ana koya wa mutum, ni zan koya maka, duk Asabar in kana gari, a filin bayan masana'anta inda ba yashi. Amsa laifi kuwa ba a koyarwa. Ka ce wa manyanka su zo ranar Juma'a."

Na durƙusa zan yi godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Su zo a keke. Kada ka ce za ka kawo su."

Yau ina tashi da jirgi ni kaɗai, har da fasinja. Rukayya na gidana da 'yarmu guda. Amma in za mu fita unguwa ita ke riƙe makulli, ni in zauna a gefe in ce hagu lafiya, dama lafiya. Darasin da na ɗauka, in har na fahimce shi daidai, shi ne kafin mutum ya saki sitiyari ya ce wani ya karɓa, ya fara leƙawa ya ga ko wancan yana da nasa.

Wannan shi ne yadda na tuna. Na san mutum sama da ɗari sun shaida, kuma na ji ana yaɗa cewa har salati na yi, wasu kuma sun ce na nemi izinin sauka daga wurin liman. Ban tuna haka ba, amma ba zan yi musu ba. Duk wanda yake wurin ya ga na kauce, ya aiko mini da gyara zan karɓa hannu biyu. Baba Yohanna kaɗai nake roƙo ya yi haƙuri: nasa ya riga ya iso, shafi huɗu, har da zanen tulin yashin.